Minti Ashirin a Sarayebo

Sun ba ni rana ta uku, zama na ƙarshe,
bayan azahar, bayan an ci an ƙoshi,
sa'ar da manyan baƙi ke ɗaure jaka
suna satar kallon agogo saboda jirgi.
Sunana a takardar taro, Sabit Telalovic,
an ci masa harafi ɗaya. Ban tanka ba.

Shekara bakwai ina bin takardun wakafi,
hannun alƙalan Usmaniyya, tawadar da ta koɗe:
wane ya bar shago, wance ta bar gona,
don kada fitilar masallacin tudu ta mutu,
don matafiyi ya ci kwana uku ba tambaya.
Aka ce in matse su a minti ashirin,
kamar a ce wa kogin Milyaska ya shiga buta.

Shekaranjiya, wajen buɗe taro,
zaure ya cika maƙil, har da 'yan tsaye.
A farfajiya kuwa an kafa allo:
gurbin koyarwa ɗaya a wata jami'a,
tallafin bincike na wata tara a Istanbul,
limanci a wani gari, amma sai mai Jamusanci.
Mun kai arba'in a gaban allon nan,
kowa na ɗaukar hoto a fakaice,
muna yi wa juna murmushin 'yan takara.

Ni da safe ina layin maƙeran tagulla,
ina fitar da zane a jikin butar gahawa.
"Dakta," in ji babana, "miƙo guduma."
Ba gatse yake ba.
Shi ya sayar da motarsa
shekarar da tallafin karatuna ya yanke.

To, ga ɗaki mai kujera tamanin.
Na ƙirga: shugaban zama, yana danne hamma,
ɗalibai biyu da aka turo,
mai kula da lasifika,
sai wata tsohuwa can baya, lema a cinya.
Na ɗauka ruwa ne ya koro ta.

Na fara. Muryata ta doki kujeru ta dawo.
Na iso kan Nefisa 'yar Hajji Durmish,
wadda ta ba da kuɗin awarwaronta
a jawo ruwa zuwa kwanar wata hanya,
da sharaɗin kada a hana baƙo, kada a kori jaki.
Na rufe yadda muka saba rufewa:
"Ba a san inda ruwan yake ba a yau."

Tsohuwa ta ɗaga lema.
"Ɗana, yana nan.
A Biratnik, bayan gidan burodi.
Shekarun da bindigogi suka kewaye garin nan,
famfunan gidaje suka ƙafe,
can muke zuwa da jarka, cikin duhu, a sunkuye.
Ban taɓa jin sunan mai shi ba.
Sake faɗa."

Na sake. Ta motsa leɓe, ta shafa Fatiha,
ta miƙo tikitin bas in rubuta mata a baya.
Shugaban zama ya ce lokaci ya ƙure.

Ba wanda ya nemi lambata.
Wurare sha ɗaya na nemi aiki bana,
uku sun ce in yi haƙuri, sauran ko tari.

Da la'asar sakaliya na hau tudun, ina haki.
Bango ne kawai, ba allo, ba rubutu,
ruwa na zuba siriri kamar zare.
Wani yaro ya sha da tafin hannu ya ruga.
Na naɗe hannun rigar taro na yi alwala,
sanyin ya ratsa ni har haƙori.

Gobe akwai buta shida da aka biya kafin alƙalami.
Na Istanbul kuma Juma'a za a rufe,
kuma sai na gyara jimla ɗaya a shafi na tara.